Tambaya da Amsa: Sakamakon Lissafina Yana Fitowa a Hargitse

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuta rahoton kammala karatu da R Markdown (tsarin da ke haɗa rubutu da kod ɗin lissafi na manhajar R) kan farashin hatsi a kasuwar Kawo. Lissafin daidai yake, amma kowane layin sakamako yana farawa da ##, naira 200,000 tana fitowa 2e+05, kuma da na rubuta ƙ ko ɗ sai PDF ya ƙi fita. Yaya zan yi?
Wata ɗaliba, Unguwar Rimi, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki gyara sakamakon da hannu. Tun 1984 da masanin kwamfuta Donald Knuth ya bayyana salon da R Markdown ke bi, manufar ita ce bayani da kod su zauna a fayil ɗaya. Duk abin da kika gyara a waje, da kin sake sarrafa fayil ɗin zai goge.

Alamar ## daga knitr take, wato manhajar da ke gudanar da kod ɗin ta saka sakamakon a rahoton. A gutsuren kod na farko, cikin opts_chunk$set, ki sa comment = "" ta ɓace, sai echo = FALSE idan malaminki sakamako kawai yake son gani. Gargaɗi kuwa, kada ki yi saurin rufe shi da warning = FALSE. Ki karanta tukuna, domin sau da yawa shi ke sanar da ke cewa wasu farashi sun koma NA, wato babu lamba, saboda waƙafi da aka buga a cikin lamba.

2e+05 gajarta lamba ce irin ta masana kimiyya; scipen = 999 a cikin options zai hana ta. Jadawali ki fitar da shi da umarnin kable na knitr, ki ba shi digits = 2. A wajen nunawa kaɗai ake datse lamba. Idan kika datse tun tsakiyar lissafi, jimillar ƙarshe za ta kauce.

Matsalar ƙ da ɗ ta fi cin rai. Injin pdflatex, wanda ke mayar da fayil ɗin PDF, bai san su ba. A saman fayil, ƙarƙashin pdf_document, ki rubuta latex_engine: xelatex don ki sauya injin, sannan a layinsa daban, ba ƙarƙashin pdf_document ba, mainfont: Charis SIL (sabon fitowarsa Charis kawai ake kiransa), bayan kin sauke wannan salon haruffa a kwamfutarki. A nan a yi hattara: idan salon da kika zaɓa ba shi da harafin, xelatex ba zai tsaya ba, PDF zai fita amma harafin ya ɓace, "ƙasa" ta koma "asa". Rubutun cikin zane hanyarsa daban ce, shi sai kin ƙara dev = "cairo_pdf" a cikin opts_chunk$set. Kafin ki kai a buga, ki bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ki duba ƙ, ɗ da ɓ, manya da ƙanana.