Hannun dama da hannun hagu: amsa ga ɗan ƙanwata da ke karatu a Guwahati

Ɗana, assalamu alaikum.

Saƙonka ya iso tun ranar Laraba. Na jinkirta ne don ba irin tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce abokin karatunka ya hau da kai dutsen Nilacal ka ga haikalin Kamakya, ka ga ana jan awaki zuwa wurin yanka, ka ga wasu mutane cikin jajayen tufafi sun shafe jiki da toka, shi kuma ya ce maka waɗancan 'yan hannun hagu ne. Da ka koma ɗaki ka bincika a intanet, aka ce maka hannun hagu hanyar mai bauta wa kansa ce, hannun dama kuma hanyar mai miƙa wuya ga abin bauta. Kana son sanin ko haka ne, kuma ko yana da dangantaka da yadda ake kwaɓar yaro a gida idan ya miƙo hagu. Can ƙarshen saƙon ka saƙala maganar wata takardar talla mai lambar waya da ka gani a bango, kamar ba ta dame ka ba. Na gan ta, kuma zan zo kanta.

Ka san matsayinmu tun daga gida. Mu musulmi ne, kuma bauta wa Kali ko Shiba ko wata Kamakya shirka ce, da dama aka yi ta ko da hagu. Amma ƙin abu bai halatta yi masa ƙarya ba, kuma abin da ka karanta rabinsa gaskiya ne, rabinsa Turawa ne suka liƙa wa Indiyawa.

Sunayen na asali su ne dakshinacara da bamacara. Dakshina dama, bama hagu. Nan tambayarka ta biyu ta samu amsa: su ma kamar mu, da dama suke cin abinci, hagu na tsarki ne bayan an zaga, kuma ka riga ka lura ba a miƙa wa babba abu da shi. Don haka wanda ya kira hanyarsa ta hagu ya san abin da yake faɗa, yana shelar cewa zai taɓa abin da jama'a suke ƙyama. Kalmar bama tana kuma nufin mace, kuma a ibadunsu matar aure a hagun mijinta ake zaunar da ita a lokuta da yawa.

Bambancin hanyoyin biyu yana kan abubuwa biyar da sunan kowannensu a harshensu ya fara da harafin ma: giya, nama, kifi, soyayyen hatsi, da saduwar namiji da mace. Ɗan hagu yana amfani da su a zahiri cikin ibadarsa, da dare, a ɓoye, ƙarƙashin malamin da ya ba shi izini. Ɗan dama yana musanya su. Ya zuba ruwan kwakwa a madadin giya, ya ajiye citta ko tafarnuwa a madadin nama, saduwar kuma ya mayar da ita tunani a zuci. Mahaifiyar wani da muka zauna ɗaki ɗaya a Banaras irin ta dama take yi. Na ga tana jera jan fure a faranti, ta fasa kwakwa, ta kunna 'yar fitilar man shanu, ba ta taɓa sa nama a baki ba tun haihuwarta. Ita da mai toka ɗin da ka gani, uwargijiya ɗaya suke kira, wato abar bauta mace.

To me ya sa wani zai zaɓi ƙazanta? Sai ka tuna da tsarin ƙasar na raba mutane aji-aji bisa asalin haihuwa. Babarahmane, wato ɗan ajin da ke saman kowa, ya tashi an gaya masa shi tsarkakakke ne tun daga jini, gawa ba ta taɓa shi, nama ba ya shiga bakinsa, wasu mutanen ma ba ya shan ruwa daga hannunsu. Malaman Tantara, wato koyarwar da hanyoyin nan biyu suka fito daga cikinta, suka ce wannan tsarkin kansa igiya ce. Sun ƙirga igiyoyi takwas da suka ɗaure ɗan Adam, cikinsu akwai ƙyama, da tsoro, da kunya, da taƙama da dangi, da taƙama da asali. A ganinsu tunda komai jikin uwargijiya ne, wanda yake ƙyamar wani abu bai gan ta ba tukuna. Don haka ake sa shi ya ci abin da ransa ya ƙi, ya kwana a wurin ƙona gawa, har girman kansa ya karye. Ka ga ke nan a rubuce manufar ita ce a rushe "ni", ba a gina ta ba. Wurin kunyar nan ne na fi rabuwa da su. Mu an ce mana kunya reshe ce ta imani, kuma a tsawon rayuwata ban ga wanda ya zubar da ita ya ƙaru da komai ba.

Zan ba ka abin da idona ya gani. A shekarun 1980, lokacin da nake karatu a Banaras, wata yamma na bi bakin kogi har Manikarnika inda ake ƙona gawa dare da rana. Hayaƙin itace da man shanu da wani wari da ba sai na faɗa maka ba suka cika mini hanci. Gefen wata wuta da ta fara lafawa wani mutum yana zaune, gashinsa a cukurkuɗe, toka tun daga goshi har ƙafa, yana cin abinci a ƙoƙon kan mutum kamar yadda kake cin tuwo a kwano. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da cinsa. Daren nan ban iya sa komai a ciki ba, kuma na yanke hukunci cewa na ga shaiɗan da idona. Agori ake kiransu, su ne ƙarshen hagu. Bayan wasu watanni aka tsallaka da ni kogin zuwa Parawo, inda wani shugabansu, Bagawan Ram, wanda ya rasu a 1992, ya kafa wurin jinyar kutare. Na tarar da almajiransa suna wanke gyambon mutanen da danginsu suka kora, ba toshe hanci, ba yamutsa fuska. Aƙidar da ta zaunar da wancan a gefen wuta ita ta durƙusar da waɗannan a gaban kuturu. Ban yarda da abin da suke bauta wa ba, amma ba zan iya cewa mai wanke gyambon wani kansa yake bauta wa ba.

Kada ka ɗauka duk haka suke. Da yawa sun fake da sunan hagu don giya da mata, kuma Indiyawa da kansu suka fara faɗin haka. Ramakirishna, mai hidimar ɗakin Kali a Dakshineswar kusa da Kalkata, wanda ya rasu a 1886, ya koyi Tantara a hannun wata malama, duk da haka ya hana almajiransa bin hagu. Ya kwatanta ta da shiga gida ta ƙofar da mai kwasar bayan gida yake bi: ana iya shiga ta nan, amma ga ƙofar zaure a buɗe.

To ina maganar bauta wa kai ta fito? Daga Turai da Amurka. Wata Barashiya, Helena Blavatsky, ta kafa ƙungiyar Tiyosofi a Niyok a 1875, ta tafi Indiya a 1879, ta ji waɗannan kalmomi, ta yaɗa su cikin Turawa da ma'anar da ta fi mata sauƙi: dama farin sihiri, hagu baƙin sihiri na masu son kai. Bayanta Aleister Crowley na Ingila ya ce ɗan hagu shi ne wanda ya kai matakin da ya kamata ya saki kansa, sai ya ƙanƙame. Har nan zagi ne. Sai a 1966 Anton LaVey ya kafa abin da ya kira Cocin Shaiɗan a San Faransisko, ya ɗauki zagin ya naɗa shi rawani. Shi bai yarda akwai Allah ko Shaiɗan ba, Shaiɗan alama ce kawai a wurinsa, kuma ya koya wa mabiyansa cewa babbar sallar mutum ita ce ranar haihuwarsa, tunda shi ne ubangijin kansa. A 1975 Michael Aquino, hafsan sojan Amurka, ya ɓalle ya kafa Haikalin Set, waɗanda burinsu shi ne mutum ya yi ta gina kansa har ya zama abin bauta, ba tare da ya narke cikin kowa ba. Waɗannan su ne suka cika shafukan da ka karanta. Suna ɗaya da na dutsen Nilacal, amma kama da wane ba ta wane. Ɗan hagun Indiya, idan mai gaskiya ne a hanyarsa, so yake ya ɓace cikin uwargijiyarsa. Na San Faransisko so yake ya hau kujerar. Wannan maganar ba sabuwa ba ce a kunnenmu, Fir'auna ya riga su faɗin "ni ne ubangijinku mafi ɗaukaka", kuma Alƙur'ani ya tambayi Annabi ko ya ga wanda ya riƙi son zuciyarsa abin bautarsa.

Amma rabuwar da kake nema tana nan cikin Tantara, sai dai ba a hannu take ba. Suna da kalmomi biyu, bukti da mukti. Bukti jin daɗi da iko, mukti kuɓuta. Tun a tsoffin littattafan mabiya Shiba, waɗanda malamai irin su Abinabagupta na Kashmir suka yi wa sharhi wajen shekara ta 1000, an raba masu karɓar izini gida biyu: mai neman kuɓuta, da mai neman siddi, wato buwaya. Siddin nan sun lissafa manya takwas, kamar mutum ya ƙanƙance ya koma kamar ƙwayar zarra, ko ya yi sakayau, ko ya juya zukatan mutane yadda ya so. Ƙarƙashin wannan akwai ayyuka shida, kuma ka saurara da kyau ka ji ko baƙi ne a wurinka. Na farko kwantar da cuta da masifa. Sai bashikaran, wato mallaka. Sai sandarar da abokin gaba ya kasa motsi ko magana, abin da muke cewa ɗaurin baki. Sai shiga tsakanin masoya biyu, farraƙu ke nan. Sai tayar da mutum daga gidansa ya shiga duniya, kurciya. Na shida kisa. Ranar da aka fara karanto mini wannan jerin sai da tsigar jikina ta tashi, don na ji kamar ina zauren wani boka a garinmu. Harshe daban, turare daban, amma kanwar ja ce. Kuma mai farin kaya da bai taɓa shan giya ba yana iya yi maka waɗannan ayyuka da hannun damansa.

Shi ya sa ni ba na tambayar mutum da wane hannu yake aiki. Ina duba wa ke zaune a ƙarshen hanyarsa. Ko a wurinmu haka ne. Malamai biyu za su riƙe carbi iri ɗaya, su shiga halwa kwana arba'in iri ɗaya, su ja sunan Allah ɗaya. Ɗaya yana neman zuciyarsa ta mutu, ɗayan yana neman rauhanin da zai yi masa hidima da kwarjinin da zai sa masu kuɗi su durƙusa masa. Shehunan tasawwufi sun daɗe suna cewa ka nemi istiƙama, kada ka nemi karama, domin ranka ne yake son karama, Ubangijinka kuwa istiƙama yake nema a wurinka. Ramakirishna ma yakan ba da labarin wani da ya shekara goma sha biyu yana wahalar da kansa har ya iya tafiya a kan ruwa, ɗan'uwansa ya ba mai kwalekwale ɗan kwabo ya tsallaka, ya ce masa ga farashin wahalarka.

Yanzu takardar bangon. Na san irinta, ana liƙa su a jiragen ƙasa da bangon tasha: baba wane, matsalar soyayya, jarrabawa, aiki, mallaka cikin kwana kaza. Mahaifiyarka ta faɗa mini yarinyar nan an sa mata rana da wani, kuma na san kwas ɗin da ya kayar da kai bara yana jiranka. Ba na ganin laifinka don idonka ya tsaya a kan lambar, mai ciwo kowace ƙofa yake kallo. Amma ka dubi abin da ake sayarwa. Mallaka ita ce ka ce zaɓin baiwar Allah bai da daraja, naka son shi ne hukunci. Duk doguwar maganar LaVey ba ta wuce wannan ba, kuma ba sai ka sa baƙar riga ka shiga ƙungiyarsa ba. Ga shi kuma yawancinsu 'yan damfara ne. Za a fara da kuɗin turare, a koma kuɗin akuya, daga nan a ce aikin ya juyo kanka sai ka biya a kwance shi. Ɓarnarsu ta kai jihar Maharashtra ta yi dokar hana irin wannan a 2013, kwanaki kaɗan bayan an harbe Narendra Dabholkar a Pune, likitan da ya shafe shekaru yana fafutukar a yi ta.

Idan ka ajiye lambar a wayarka ka goge ta yau. Abokin naka kada ka wulaƙanta shi, ya kai ka wurin da yake girmamawa ne don ya ɗauke ka nasa. Ka gode masa, ka gaya masa cikin ladabi cewa kai iyakarka harabar waje, ba ka karɓar abin da aka yanka a can, ba a ɗiga maka jan gari a goshi. A watan Yuni za a rufe haikalin Kamakya kwana uku don bikin Ambubaci, garin zai cika maƙil da masu toka daga ko'ina, ka rage yawon dare a lokacin.

Maganar yarinyar kuma ba ta saƙo ba ce. Ka kira ni ranar Juma'a bayan ka dawo masallaci, zan bar wayar a kusa. Ka kira mahaifiyarka kafin nan, ta ce kwana goma ba ta ji muryarka ba.

Kawunka.