Amsar tambayarki kan takardar tarihin aiki

'Yata, saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki tura takardar. Abu biyu kike son sani: ko za ki rubuta CV ɗinki, wato takardar tarihin aikinki, yadda muka saba, da jiha da ƙaramar hukuma da addini da ranar haihuwa da batun aure, tunda aikin tsara manhaja kike nema, da kuma yadda za ki faɗi abin da kika iya ba tare da kin saɓa wa tarbiyyar gida ba, tunda an ce yabon kai jahilci.

Bari in fara da na biyu, don na ga shi ya fi damunki. Wanda ya ce "ni gwani ne" ya yabi kansa. Telan da ya ɗauko rigar da ya ɗinka ya shimfiɗa ta gaban mai saye aikinsa ya nuna, kuma ba wanda zai ce masa marar kunya. Haka za ki yi. Ki cire "mai hazaƙa", "mai ƙwazo", "mai son aiki da jama'a", kowa ma haka yake rubutawa. A ƙarƙashin kowane aiki ki sa layi uku zuwa huɗu: matsalar da kika tarar, abin da ke da kanki kika yi, da abin da ya canza. Misali, kin ga mutane suna watsar da rajista a tsakiya, kin zauna da mutum 5 kina kallon inda suke maƙalewa, kin rage matakan daga 7 zuwa 4. In kina da alƙaluman sakamako na gaskiya ki sa. In babu, kada ki ƙirƙira, domin ranar ganawa za a tambaye ki yadda aka auna. Wurin da 'ya'yanmu suka fi faɗuwa shi ne "mun yi, mun tsara". Kawaici ne, na sani, amma mai karantawa ba zai gane rabonki a ciki ba. Ki ce mutum nawa ne a tawagar, sannan ki ware naki.

Batun jiha da ƙaramar hukuma yana da asali. Tsarin mulkin 1999, sashe na 14(3), ya ce a raba muƙaman gwamnatin tarayya yadda kowane yanki zai samu wakilci, shi ya sa ake neman shaidar asalin jiha. In gwamnati ce, ki bayar. Kamfanin fasaha ba ruwansa da wannan. Addini da aure da shekaru ki bar su duka. A Amurka da Ingila ma ba a sa hoto, don gudun zargin nuna bambanci. Amma in kamfanin na Najeriya ne, ki rubuta layi ɗaya kan ko kin gama bautar ƙasa, ana yawan tambaya. Sunayen dattawan da za su tsaya miki, ki riƙe sai an nema, kuma ki nemi izininsu tukuna. Wannan al'ada tana nan daram.

Shafi ɗaya ya ishe ki. A sama suna, gari, waya, imel mai sunanki, sai adireshin kundin ayyukanki. Kundin nan ya fi takardar nauyi a sana'arki, ko a Behance yake, wato dandalin da masu zane ke baje ayyukansu, ko a shafinki na intanet. Ayyuka biyu ko uku da kika bayyana daga tushe sun fi hotuna ashirin masu ƙyalli. Ki buɗe adireshin a wayar wani ki tabbatar ba ya neman izinin shiga. Fayil ɗin Figma, manhajar da ake zana fuskar manhajoji da ita, da aka manta a kulle ya isa ya sa a wuce ki.

Kada ki ƙawata takardar don nuna gwaninta. Kamfanoni da yawa manhaja ce ke fara karanta musu takardu, kuma rubutun da aka raba gida biyu, ko aka cusa cikin hoto ko tebur, sau da yawa a hargitse yake fita. Ki jera shi daga sama zuwa ƙasa, sabon aiki a farko, ki fitar da PDF, ki kwafe rubutun ki liƙa a wani wuri ki ga ko ya fito daidai. Ki lura da ƙ da ɗ da ɓ, wasu nau'in haruffa kan mayar da su akwati. Su kuma taurarin nan da ake sa wa kai, wai Figma huɗu cikin biyar, ki cire su. Wa ya auna?

Akwai abin da kike da shi da ba ki ƙirga ba. Kina jin Hausa, kin san mai ƙaramar waya da ke tattalin data, kin san wadda ta fi gane saƙon murya a kan rubutu, da mai tura kuɗi ta lambobin USSD, waɗanda ake dannawa a waya ba tare da data ba. In kin taɓa gwada aikinki da irin waɗannan mutane, ki rubuta shi cikin aikin da kika yi, da yawansu da harshen da kuka yi magana. Kamfanin da ke son shiga kasuwar Kano ko Maraɗi yana buƙatar wannan sani.

Ki gyara ki turo min in duba kafin Juma'a. Ki gaishe da mahaifiyarki da ƙannenki. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki