Amsa ga wanda girma ya faɗo wa bai shirya ba

Ɗan'uwa, ka ce shekarunka 26, Baba ya rasu, yanzu a gidanku na Talata Mafara kai kowa ke kallo, kai kuwa har yau yaro kake jin kanka. Allah Ya jiƙan Baba.

Ni ma na shiga wannan hali. Ranar da kawunmu ya ce a jira ta bakin babban yaya, sai da na waiga ina neman wanda ake nufi. Jin nan ba ya wucewa da wuri.

Inda na yi kuskure shi ne kuɗi. Na haɗa albashina da kuɗin geron gonar Baba a aljihu ɗaya, da ƙannena suka nemi lissafi na rasa bakin magana. Ka sami littafi ka riƙa rubuta komai, kuɗin NECO ne ko na taki. Kada kunya ta sa ka amsa kowace buƙata. Ka yawaita shawara da Inna, ta fi ka sanin gidan.

Gado kuwa kada ka raba da kanka. Sai an biya bashin mamaci, an cika wasiyya, sannan a yi rabo. Ka nemi malamin da ya san rabon gado ko kotun shari'a, musamman da yake akwai marayu ƙanana.