Amsa ga mai tambaya kan shafa wa tebur mai

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa ƙaramin tebur, ka shafa masa man linsid, yau kwana huɗu yana danƙo, kana tambaya ko man ne ba shi da kyau. Ina kyautata zaton man lafiyarsa ƙalau, rararsa ce ka bari a kai.

Ni ma haka ta faru da ni a farkon koyona. Na lafta wa wata kujera mai, na ga tana ƙyalli, na tafi na kwanta ina murna. Da safe na ɗora hannu, sai ga shatin yatsuna biyar a jiki, ƙura duk ta manne. Sai da na bi ta da tsumma da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, kafin ta dawo hayyacinta. Kai ma abin da za ka yi ke nan, ka bar shi ya sha iska kwana biyu, sannan ka sake.

Mai ba fenti ba ne, cikin katako yake shiga ya bushe. Ka goge katakon da sanfefa har ka kai ga mai laushi, lamba 220, ka share ƙura, ka shafa man sosai. Jira minti 15. Inda ka ga ya shanye, musamman bakin da aka yanka da zarto, ƙara masa. Daga nan ka ɗauki busasshen tsumma ka goge tas, har ka ji kamar ba ka shafa komai ba. Bayan awa guda ka sake leƙawa, don wani katakon yakan yi gumin mai. Shafi na biyu sai bayan awa 24, in da sanyi ko laima ma ka ƙara haƙuri.

Duba gwangwanin kuma. Ɗanyen linsid yakan kai mako ko fiye bai bushe ba, wanda ake kira dafaffe kuwa an zuba masa sinadarin busarwa. Duk biyun suna sa katako ya yi rawaya da daɗewa. Man tung, wanda ake matsa daga 'ya'yan wata bishiya 'yar asalin Sin, ya fi jure ruwa, amma yana son shafi biyar zuwa sama. In tebur ne da za a riƙa ɗora kofi, ni man Danish nake zaɓa, saboda haɗi ne na mai da banish, wato abin da ake shafa wa katako ya bushe a samansa ya kare shi. Man girki kada ka fara, ba ya bushewa, wari zai yi.

Tsumman da ka yi aiki da shi kuma, don Allah kada ka dunƙule ka jefa a kwandon shara. Linsid yana ɗaukar zafi yayin bushewa, dunƙulallen tsumma yana iya kama wuta da kansa. Shanya shi a waje a buɗe, ko ka tsoma a bokitin ruwa.

In ka goge da tinar, dawo ka faɗa mana ko danƙon ya tafi.