Na ga zanen mutane tsirara a littafin ɗana, ko ya bar hanya ne?

TAMBAYA: Fasto, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ɗana yana karatun zane-zane a jami'a a Zariya. Da ya zo hutu Katsina, ina gyaran ɗakinsa na ci karo da littafi cike da zanen mutane tsirara haihuwar uwarsu. Ya ce na darasi ne. Wani mai addu'a ya ce in ƙone shi, wai ruhun zina ya shigo gidana. Kwana uku ke nan ban runtsa ba.
Wata uwa, daga Ƙofar Ƙaura.

AMSA: Mama, ki kwantar da hankalinki, ki ajiye ashana. Mai koyon zane dole ya san yadda ƙashi da tsoka suke zaune a jiki, kamar ɗalibin likita. Ina kyautata zaton a littafin kin ga mutum-mutumin Dauda da Michelangelo, shahararren mai zane ɗan Italiya, ya gama sassaƙawa a 1504, ko rufin majami'ar Sistine da ke Batikan, inda ya zana Adamu ba ko bante. A ɗakin nan ake zaɓen Paparoma har yau. Ko a can ba a rasa gardama ba: wajen 1565 aka sa wani mai zane ya rufa wa mutanen zanen Ranar Shari'a ƙyallaye, har aka laƙaba masa suna "mai ɗinka wando".

Amma mai addu'an nan ne ya tsaya mini a rai, don irin maganarsa nake sha kusan kowane mako: wai jiki kansa ƙazanta ne, wai 'ya'yan itacen da Adamu ya ci kwanciyar aure ce. Ina aka rubuta wannan? Farawa 2:25 ta ce su biyun tsirara suke, ba su ji kunya ba, tun kafin zunubi ke nan. Umarnin su hayayyafa ma a sura ta 1 yake, kuma Allah ya dubi abin da ya yi ya ce yana da kyau ƙwarai. Kunya ta shigo ne bayan rashin biyayya. Suka ɗinka ganyen ɓaure, Allah da kansa ya yi musu riguna na fata. Sutura jinƙai ce ga zuciyar da ta lalace. Da jiki najasa ne, ta yaya Kalman, wato Yesu, zai zama mutum ya zauna a cikinmu? Wannan karkatacciyar koyarwa ikkilisiya ta ƙi ta tun ƙarni na biyu, sai ga ta ta dawo ta WhatsApp da kwalbar man zaitun da kuɗin "tsarkake gida". Ɓarnarta kuwa ba a littafi take tsayawa ba. Mace ta ji ƙullutu a mama ta ɓoye wata da watanni don kada likita ya duba. Yarinya a taɓa ta inda bai dace ba, ta kasa faɗa wa uwarta, don an koya mata ambaton wurin ma zunubi ne. Su masu addu'ar ba sa zuwa asibiti jinya, mu ke zuwa.

Ban ce duk abin da aka kira zane halal ne ba. Batsa batsa ce ko an sa mata firam. Matiyu 5:28 ta ɗora nauyin a kan duban sha'awa, don haka tambayoyin su ne: don me aka zana, me kuma yake tayarwa a zuciyar mai kallo? In yaron ya san littafin na sa shi tuntuɓe, ya rufe shi. Nan kuma Katsina ce: kada ya liƙa a bango ko ya ɗora a Facebook, saboda ƙannensa da maƙwabta, kamar yadda Bulus ya gargaɗe mu a Romawa 14.

Ki zaunar da shi bayan sujada ranar Lahadi, ya nuna miki ayyukan hannunsa. In akwai abin bincike, Mama, wayarsa ce, ba littafin ba.