Wasiƙun ƙanen kakanmu daga Sudan: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe adakar kakanmu, muka tarar da wasiƙu 23 naɗe cikin wani tsohon rawani. Da ajami aka rubuta su, kuma mafi yawansu ba kwanan wata. An ce daga ƙanen kakan namu suke, wanda ya tafi Makka a ƙasa, ya zauna a Sudan bai dawo ba. Ina so in san tarihin gidanmu, in kuma gano ko ya bar zuriya a can. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Kafin a karanta ko layi ɗaya, ki tsare takardun. Kada ki canza yadda kika same su a jere, domin sau da yawa mai ajiya yana ɗora sabuwa ne a kan tsohuwa, jerin kansa shaida ne. Ki ba kowace lamba da fensir a wata takarda daban, ki ɗauki hotonta gaba da baya da wayarki a hasken rana, har da ambulan in akwai. Kada a liƙe yagaggen wuri da salatif, kada a kai su shago a rufe su da roba mai zafi, kada kuma a ƙulle su cikin leda lokacin damina, gumi zai cinye su. Tawadar gargajiya irin ta allo ɗigon ruwa ɗaya ke wanke ta. Ki shimfiɗa kowace tsakanin fararen takardu, ki sa a akwati nesa da ƙasa saboda gara. Daga nan da hotuna za a riƙa aiki.

Wanda zai karanta miki, ki nemi alaramma ko dattijon da ya tashi a tsangaya. Rubutun mutanenmu na da irin na Warshu ne: fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yaron da ya saba da bugun Hafsu kaɗai zai rikita su, ya canza miki sunan mutum ko na gari. Ki roƙe shi ya karanta da ƙarfi kina ɗaukar muryarsa, kuma ya faɗi abin da ke rubuce kalma da kalma, ba ya taƙaita miki ba.

Na nanata haka ne saboda abin da mai karatu ya fi saurin tsallakewa shi ne abin da kika fi buƙata. A da, wasiƙa takan fara da bisimilla, sai "gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci", sai "bayan haka", a faɗi saƙo cikin layi uku ko huɗu: muna lafiya, an yi mana haihuwa, ga mai zuwa nan na ba shi abu kaza. Sannan a jero gaishe-gaishe kafin a rufe da "haza wassalam". Mutane kan ce ai wannan gaisuwa ce kawai. To, tarihin gidanku yana cikin gaisuwar nan. Wanda ke nesa yakan bi gidan da ya baro ɗaki-ɗaki a zuciyarsa, ya fara da manya ya gangaro kan yara, har da maƙwabta da limamin unguwa. Ki rubuta sunayen da ke cikin kowace wasiƙa a jere kamar yadda suka zo, ki ajiye su kusa da juna. Za ki ga sunan da ke kan gaba ya ɓace a wata wasiƙa, ko an bi shi da "Allah ya jiƙansa". Za ki ga an fara gaida "amarya", can gaba an koma gaida ta da sunan ɗanta. Da wannan kaɗai za ki iya jera wasiƙun da ba su da kwanan wata, wacce ta riga wacce.

Sai dai ki yi hattara da abu biyu. Yawancin masu aika wasiƙa a wancan zamani ba su ne ke rubutawa da hannunsu ba, malami suke samu su faɗa masa. Saboda haka in kin ga hannu ya canza, ba lalle mai magana ne ya canza ba, kuma abin da ya shiga takarda shi ne abin da mutum zai iya faɗa a gaban baƙo. Talauci da rashin lafiya da kewar gida sukan ɓuya cikin "sai godiya". Na biyu kuma sunaye. Alkunya ba ta barin mutum ya ambaci sunan ɗan fari ko na suruki, sai a ce "yaron nan" ko "mai sunan Malam". Kuma "yaya", "baba", "inna" da "ɗan'uwa" ba kullum jini suke nufi ba. Kada ki ɗora kowa a reshen zuriya don kawai an kira shi baba.

Batun shekaru, akwai alamomi. In an sa shekarar Hijira, ki ninka ta da 0.97 ki ƙara 622, za ki faɗa kusa ƙwarai: 1370 za ta ba ki wajen 1950 zuwa 1951. In akwai ambulan, hatimin gidan waya ya fi kan sarki amfani, domin Sudan ta daɗe tana buga hoto iri ɗaya a jikin kan sarkinta, na ɗan aike a kan raƙumi, tun 1898. Da yawa ma ba su bi ta gidan waya ba, alhazai masu dawowa ne ke riƙo su. A nan sai ki saurari abin da ke cikin maganar. Tunda ku Katsinawa ne, in an ambaci rasuwar Sarki Dikko, kin san ana 1944 ne ko jim kaɗan bayanta, lokacin da Usman Nagogo ya hau. In ana lissafin kuɗin gida da fam da sule, kafin 1973 ne, shekarar da naira ta shigo. In an kira babban birnin Cadi da Fort Lamy, shi ma kafin 1973 ne.

Sunayen garuruwa su za su nuna miki inda ya zauna. Hanyar da mahajjatan ƙasa suka fi bi ita ce ta Maiduguri, Fort Lamy, Abeche, Junaina, Fashir, zuwa Ubayyid inda jirgin ƙasa yake tun 1912, daga nan a nufi bakin Bahar Maliya a haye zuwa Jidda. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin ana tsayawa a yi aiki a tara guzuri. Noman auduga na Jazira, wanda ya kankama bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, ya riƙe mutanenmu da yawa a kewayen Wad Madani. Akwai kuma Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, garin da Muhammadu Bello Maiwurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Har yau ana jin Hausa a waɗannan wurare. In kin samu sunan gari da na mai unguwa ko malamin da ya zauna a hannunsa, kin samu bakin zare. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tarwatsa iyalai da dama, don haka neman zai yi wuya, amma zuriyar Hausawan can da ke Kano da Makka da Madina suna da zumunci mai ƙarfi, kuma sukan gane gida da sunan kaka. Don ƙarin bayani kan zamanin, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Arewa House suna da takardun mulkin Turawa, ciki har da na harkar aikin hajji.

Amma duk wannan zai iya jira. Abin da ba ya jira shi ne tsofaffin gidanku, musamman mata: gwaggonninki, matan kakanni in da sauran mai rai, tsohuwar maƙwabciya da aka yi zaman amana da ita. Su ne suka san wace ce "amarya" da wane ne "mai sunan Malam". Ki je musu da muryar da kika ɗauka, ki kunna, ki yi shiru. Ki je wa kowace ita kaɗai, domin a taro babba ce ke magana, saura su gyaɗa kai. In maganar baki ta saɓa da takarda, ki rubuta duka biyun, ki sa sunan wadda ta faɗa da ranar.

Wataƙila ki ci karo da abin da aka binne da gangan: bashi, saki, rigimar gona, ko maganar asalin wani. Kada ki watsa hotunan a zauren WhatsApp na dangi kafin ki san abin da ke ciki, ki kuma shawarci babban gidanku. In wata wasiƙa ta taɓo gado, wannan aikin malamai ne da alƙali.

Cikin makon nan ki ɗauki hotunan, ki sami alaramma ya karanta miki wasiƙa ta farko da ta ƙarshe a jerin, sannan ki kai wa wadda ta fi kowa tsufa a gidanku jerin sunayen da aka gaisar.