Allon siki ya ƙarzu, gefensa ya ɓare: a cike ko a haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran fiba ne a unguwar Zango, nan Damagaram, ina liƙe bamban mota da murafun babur da jikin adaidaita. Kawuna yana aiki a wani wurin shaƙatawa na bakin ruwa a Abijan. Da ya zo hutu ya kawo mini alluna biyu na siki, irin wanda jirgin ruwa mai inji yake jan mutum a kai da igiya, ƙafa biyu kan allo ɗaya. Maigidansa ne ya bar masa su, ya ce in sun gyaru ya koma da su ya sayar. Na farko ƙasansa duk ƙarzuwa ne, gefensa kuma ya ɓare wuri guda kamar faɗin farce, ana hango wani abu fari-fari a ciki. Na biyu lafiya lau yake a ido, sai wani siririn layi da ya gitta samansa, gaban wurin sa ƙafa. Ina da mastik (abin cike lotsawar jikin mota) da rezin (ruwan mannen da ake jiƙa fiba da shi) da nake aiki da su. In cike in goge in fesa fenti?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ajiye mastik ɗin nan tukuna. Na farkon da ya tayar maka da hankali shi ne mai sauƙi. Na biyun da ka ce lafiya lau yake, shi ne ya fi damuna.

Ka fara sanin wahalar da allon nan yake sha. A gasar zagaya balan-balan shida da ake jerawa a kan ruwa, jirgi yana kaiwa gudun kilomita 58 a awa ga maza, 55 ga mata, kowace balan tana nesa da hanyar jirgin da mita 11.5, igiya kuma daga mita 18.25 ake ta rage ta. Lokacin da mai wasa zai tsallaka daga gefe zuwa gefe, gudunsa ya fi na jirgin nesa ba kusa ba, kuma nauyinsa da fizgar igiya duk a tsakiyar allon suke sauka. Da irin katakon da Ralph Samuelson ya fara wasan da shi ne a tafkin Pepin na Amurka a 1922, da kafinta ya ishe ku. Na yanzu cikinsa kumfa ce mai tauri, ita ce farin abin da ka hango, an naɗe ta da zaren fiba ko na kabon an jiƙa da rezin. Ƙarfin allon duka yana cikin wannan siririyar fatar da ta naɗe kumfar. Shi ya sa tambayar farko ita ce: raunin ya tsaya a fenti, ko ya yanke zare?

Kwance wurin sa ƙafa, ka wanke allunan da ruwa mai daɗi da sabulu, don ruwan Abijan yana da gishiri-gishiri, manne kuma ba ya kama gishiri. Sai ka bi kowace ƙarzuwa da farce. Wadda farce ya wuce ta bai maƙale ba, ka manta da ita. Daga nan ka ɗauki tsabar dala ashirin ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali daga kai har wutsiya, yadda mata suke gwada tukunyar ƙasa a kasuwar Dole kafin su biya. Wuri mai lafiya ƙararsa a tsaye take, kas-kas. Inda ka ji ta mutu, fatar ta rabu da kumfa a ƙarƙashi ko da ido bai gani ba. Zagaye wurin da alli. Ka duba ramukan kusoshin wurin sa ƙafa ma, domin tsaga takan fara daga nan.

Yanzu na biyun. Ƙarzuwa tana da ɗabi'arta: takan bi tsawon allo ko ta karkace, ta fara da zurfi ta ƙare a shafe. Layin da ya gitta allo tsaye, kusa da ƙafar gaba inda nauyi ya fi taruwa, sau da yawa karaya ce ta soma. Ɗora kan allon da wutsiyarsa a kan bulo biyu da ka shimfiɗa wa tsumma, ka danna tsakiya da tafin hannu, wani ya haska layin da tocila. Ka juya shi ka sake. In layin ya buɗe baki ko da kaurin gashi ne, ko ka ji ƙas-ƙas a ciki, ko ka ga ya gangara ta gefe, to magana ta ƙare. Na san a bamba za ka iya goge baya ka ɗora fiba biyu-uku ya riƙe. A nan facin zai sa wurin ya yi tauri, lanƙwasar ta koma bakin facin, ran da zai tsinke kuma mutum yana kai ne da ƙafafu a ɗaure. Kabon ma ba ya gargaɗi, ɓallewa yake yi lokaci guda. In kuwa layin bai motsa ba, ƙara kuma ba ta canja ba a kewayensa, fenti ne kawai ya ji ciwo.

Koma kan na farko. Kayan da ke hannunka ba su dace ba. Mastik yana shan ruwa, kuma busasshe ne, allo na lanƙwasa sai ya fita ɓam. Rezin ɗinka na poliyesta yana tsukewa in ya bushe, ba ya kuma kama tsohon epoksi, wato irin rezin ɗin jikin allon, da kyau. Epoksi za ka nema, mai kwalba biyu ko bututu biyu, mai jinkirin bushewa, irin Araldite ɗin da yake kwana kafin ya yi ƙarfi. Na minti biyar ɗin nan ba ya jure zaman ruwa. In ba ka samu a gari ba, masu zuwa Kano za su kawo maka.

Kafin manne, sai kumfar ta bushe ƙayau. A nan Damagaram ta yi maka rana, iskarmu busasshiya ce: jingine shi a inuwa, raunin yana kallon ƙasa, ka ba shi kwanaki. Kada ka yi gaggawa ka shanya shi a ranar tsaka, zafin zai iya tausasa rezin ya kumbura fatar, ka ƙara wa kanka aiki. Da ya bushe, tsince ɓarɓashin da reza, ka kwantar da bakin raunin da samfefa mai lamba 120, ka goge da tsumma mai ɗan asetan, ruwan nan mai narkar da maiƙo da fenti (kada ka tsiyaya shi cikin kumfa), ka kewaye wurin da salatif.

Abu biyu ne suke kayar da wanda ya saba da poliyesta. Kun saba in kuna sauri ku ƙara ɗigon maganin daskarewa. Epoksi ba haka yake ba, awon da aka rubuta a jikinsa shi za ka bi daidai, in ka ƙara ko ka rage sai ya zauna da danƙo har abada. Na biyu zafi ne. Duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin lokacin da kake da shi kafin ya kama, kai kuma ka san Afrilu da Mayu a garin nan, sama da 40. Dama kaɗan-kaɗan a kan kwali mai faɗi, ka yayyanka zaren fiba ƙanana ka zuba don ya yi kauri. Kuma da yamma za ka yi, bayan la'asar sakaliya. Da safe allo yana ɗumama, iskar da ke cikin kumfa tana faɗaɗa tana fitowa ta cikin mannen, ta bar maka ƙananan huda. Da yamma kuwa tana tsukewa, ta ja mannen ciki. Cika ya ɗan yi tozo, ka rufe da leda mai santsi ka ja ta da salatif, ita ce za ta ba shi siffa ta kuma tare ƙura in hunturu ne. Ka bar shi kwana ɗaya cur, biyu ma ya fi. Ƙarzuwa masu zurfi na ƙasan allon haka za ka yi musu.

Wurin guga ne nake jin tsoron hannun mai gyaran mota, don an koya muku ku kashe duk wani kaifi. Duba gefen allon ta ƙasa da kyau, za ka ga an fafe shi da ɗan karkace, wani wuri da kaifi, wani wuri a mulmule. Da gangan aka yi. Nan ne yake sa allo ya kwanta a kwana ko ya ƙi. Mai kaifi yana sakin ruwa ya ɗaga allon, mulmulallen kuma yana nutsar da shi. Ka ci milimita ɗaya a nan, gwani zai ji a ƙafarsa. To ga inda mastik ɗinka zai yi amfani: shimfiɗa leda a kan lafiyayyen gefe dab da raunin, ka danna mastik a kai ya bushe. Ka samu ma'auni ke nan, kana guga kana ɗora shi kana dubawa. Naɗe samfefa a ɗan katako, 220 sai 400 sai 600 da ruwa, kana bin tsawon allo, ka tsaya da zarar ka fara taɓa salatif. Ruwan yana kwantar da ƙurar fiba da ta kabon, duk da haka ka rufe hanci. Fenti a ƙasa ba shi da amfani, ka bar facin a bayyane, mai saye ya ga abin da aka yi.

Ƙarfen da ke ƙasan wutsiya, mai kama da wuƙa, kada ka kwance shi. Da ma'aunin injiniyoyi ake saita shi, ɗan motsi kaɗan yana canja tafiyar allon. In ya yi farin gari saboda gishiri, goge shi a inda yake. Ka kuma gaya wa kawu kada a ɗaure allon a saman mota rana tana dukansa har Abijan. A naɗe shi da bargo a sa cikin kaya. Na biyun, in gwajin bulo ya nuna karaya ce, cire ƙarfen wutsiyar da wurin sa ƙafa ya sayar da su daban, suna da kuɗi, allon kuma ka sa zarto ka raba shi biyu kada wani ya tsince shi ya hau.